Maga, garin da ke kwana a gindin madatsa: nazarin tarihin fari da ambaliya

Maga ƙaramin gari ne a yankin Mayo-Danay, cikin lardin Arewa Mai Nisa na ƙasar Kamaru, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Marwa in ka nufi gabas ta hanyar Bogo. Musgum ne 'yan ƙasa, amma kasuwar garin ta tara Masa da Fulani da Barebari da Kotoko da Larabawan Shuwa, ga kuma Hausawa da kifi da shinkafa suka jawo suka zaunar. Abin da ya bambanta shi da sauran garuruwan bakin kogin Logon shi ne ganuwar ƙasa da ke kudu da shi, mai tsawon kilomita 27, wadda ta tashi daga Girbidik ta dire a Pus. A bayanta tafki ne da ke iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 600. Idan ya cika a ƙarshen damina, fuskar ruwan ta fi daɓen ɗakunan mutane tsayi.

Fari ne ya sa aka gina wannan ganuwa, ambaliya kuma ita ce ke gwada ƙarfinta kowace shekara. Abin da nake son nunawa a nan shi ne, yawancin ɓarnar da ake kuka da ita a watan Satumba tun cikin rani ake yanke hukuncinta, a watannin da ƙasa ta bushe, ake iya shiga da tifa da katafila, amma ba a shiga ba.

Inda ruwan ke fitowa

Damina a wannan yanki gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan da ke sauka a shekara bai kai na kudancin ƙasar ko kusa ba. Sai dai ƙasar baƙar laka ce a shimfiɗe, gangara kusan babu. Da rani takan tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa ciki, amma da ta sha ruwan farko sai ta kumbura ta toshe, duk abin da ya sauko bayan nan a sama zai tsaya. Marka ta kwana biyu ta isa ta mai da unguwa fadama.

Wannan na sama ke nan. Akwai na yamma, wanda ke gangarowa daga duwatsun Mandara ta kogunan Mayo Tsanaga da Mayo Bula. Waɗannan yawancin shekara yashi ne zalla, yara na ƙwallo a cikin Mayo Tsanaga a Marwa, amma in hadari ya sauka a kan duwatsu sai su taso cikin 'yan sa'o'i, ɗauke da yashi da laka, su zube cikin tafkin.

Na ukun shi ya fi ruɗa baƙo. Logon daga nesa yake tahowa, daga tuddan Adamawa da na Afirka ta Tsakiya, ya ratsa Mundu da Lai da Bongor a cikin Chadi kafin ya iso nan, inda shi ne iyaka tsakanin ƙasashen biyu. Cikarsa ba ta isowa sai Satumba zuwa Oktoba. Sau da yawa sama ta riga ta washe, dawa ta fara nuna, mutane sun fara cewa an tsallake ta bana, sai ga kogi yana hawa taku bayan taku ba tare da ɗigon ruwa ya sauka a garin ba. Shekarar da waɗannan ruwaye uku suka haɗu a lokaci guda, ita ce shekarar kuka.

Kafin a gina komai, dukkansu cikin babbar fadamar nan da ake kira Yaere suke malala, su shafe dubban murabba'in kilomita har gefen dajin Waza. Mutanen da ke zaune a wurin da wannan malala suka rayu. Kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa, ruwa ya janye a kama shi. Makiyaya su gangaro da shanu daga nesa, har daga Najeriya, su ci ciyawar burgu duk rani. Manoma su bi bayan ruwa suna dasa masakwa, wato dawar rani, a danshin da ya bari. Ƙauyukan Musgum da Kotoko a kan tuddai suke, kowa da kwale-kwalensa a ɗaure. Abin da suke tsoro shi ne shekarar da ruwan bai zo ba.

Ya kuwa ƙi zuwa. Farin 1972 zuwa 1973 ya kashe dabbobi a faɗin Sahel, na 1984 ya fi shi tsanani, har cikar Logon ta wannan shekara tana daga cikin mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa. Tafkin Chadi da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ya koma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Gina madatsa

Tsakanin waɗannan fari biyu aka haifi Maga ta yau. Gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta kafa kamfanin noman shinkafa na SEMRY a 1971, da hedkwata a Yagwa, inda ake jawo ruwa daga Logon da injuna. A 1979 aka kammala madatsar Maga, da kuɗin da Bankin Duniya ya sa hannu a ciki, domin a shayar da gonakin shinkafa kimanin hekta 6,000 ba tare da inji ba, ruwa ya gangaro da kansa ta magudanai. Aka tayar da ƙauyukan da ke cikin kwarin da zai zama tafki, aka raba wa iyalai filaye na rabin hekta, aka soma noma sau biyu a shekara. A gefen kogin kuma aka ja wata ganuwar, don kada Logon ya shiga gonaki.

Adalci ne a faɗi abin da wannan aiki ya haifar. Lokacin da farin 1984 ya ƙone gero da dawa a ko'ina, a Maga akwai ruwa, akwai shinkafa, akwai karfasa da tarwaɗa da bargi a tafki. A tsakiyar shekarun 1980 abin da gonakin kamfanin suka bayar a shekara ya kai wajen tan 100,000 na shanshera. Masunta suka taho daga wurare masu nisa, masu banda suka kafa murhu, 'yan tireda da mahauta da masu shayi suka biyo baya, malamai suka buɗe makarantun allo. Duk dattijon da ya ga waɗannan shekaru ba zai yarda a zagi madatsar a gabansa ba, kuma ina ganin yana da gaskiyarsa.

Amma ruwan da aka tare a Maga rabon wasu ne. Ganuwar tafkin da ta bakin kogi sun toshe hanyoyin da ruwa ke bi ya shiga Yaere, fari kuma ya ƙara, sai filin da ke samun malala ya ragu da kusan murabba'in kilomita 1,000. Burgu da jema masu jure shekaru suka mutu, ciyawar da ba ta kai rani ta maye gurbinsu. Kamun kifi ya faɗi, makiyaya suka sauya hanya, namun dajin Waza suka ragu ƙwarai, musamman mariya. Wannan bala'i ne da bai rushe ɗaki ko ɗaya ba, shi ya sa ba a cika sa shi cikin lissafi ba, alhali ya watsa ƙauyuka. Sai a 1994, ƙarƙashin wani shiri da ƙungiyar kare muhalli ta IUCN ta jagoranta, aka fasa ganuwar a wani wuri aka sake wa wani tsohon rafi hanya, aka ƙara buɗe wani a 1997. Ciyawa da kifi suka dawo a wani sashe, ba duka ba.

Shekarun da aka bar ganuwa ita kaɗai

Shinkafar Maga ta yi yawa, amma ta rasa mai saye. Kai ta Yawunde ko Duwala tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, kafin ta isa ta fi wadda jirgi ya kawo daga Asiya tsada. Kasuwar da ta fi kusa ita ce Najeriya, ita kuwa ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, da aka buɗe kuma darajar naira ta zube. Buhuna suka taru a sito. Tattalin arzikin Kamaru ya shiga matsi daga 1987, aka zo da tsarin tsuke bakin aljihu, kamfanin ya rage ma'aikata, ya janye hannu daga saye da casa da sayarwa. A nan fatake suka cike gurbin, Hausawa na gaba-gaba, suna sayen shanshera a bakin gona suna ketare iyaka da ita. Cinikin ya samu mai ɗauka. Gyaran ganuwa ne bai samu ba.

Ganuwar ƙasa ba ta mutuwa rana ɗaya. Tafkin Maga kamar faranti yake, faɗi ba zurfi, don haka iska kaɗan ke tayar da igiyar ruwa. Iskar damina kuma daga kudu maso yamma take busowa, wato kai tsaye take koro igiyar ta maka wa ganuwar, tana zaftare ta kaɗan-kaɗan daga ciki. Ta waje ruwan sama na tsaga mata kwari. Garken shanu na hawa ta wuri guda kullum don shan ruwa har su fafe hanya. Dorina na fitowa da dare ta bar nata sawun. Gafiya da gara na haƙa. Babura da amalanke na bi ta kai. Da rani lakar ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka: da ya samu rami ɗaya da ya ratsa, zai riƙa fitowa ta gindi yana ɗauke da ƙasa, ramin na faɗi daga ciki inda ido ba ya gani.

Ga kuma matsalar mafita. Hanya biyu ce ake rage wa tafkin kaya. Ɗaya ƙofofin da ke sakin ruwa cikin Mayo Virik zuwa arewa, amma da shekaru suka tura, yashi da ciyawa suka cushe wannan rafi, ya zama in an buɗe ƙofofin da yawa ruwan sai ya fantsama cikin gonaki da ƙauyuka. Ta biyu wata mazuba ce a kusa da Pus, tsakanin tafkin da Logon, wadda ruwa ke tsallakewa daga ɓangaren da ya fi tsayi zuwa wanda ya fi ƙasa. In tafki ya fi kogi cika, madalla, sai ya zube. In kogi ne ya fi, to maimakon a rage sai ƙari ya shigo. Yashin da kogunan Mandara ke kawowa kuma yana ta taruwa a gindin tafkin, wurin da ruwa zai zauna yana raguwa.

Duk wannan ya faru ne a shekarun da ruwa ya yi ƙaranci, shi ya sa ba wanda hankalinsa ya tashi. Mutane ma suka saki jiki suka yi gini a kwari, a wuraren da kakanninsu ba za su ɗaure ko akuya ba. Baƙon da ya zo neman fili kuwa, inda aka nuna masa nan zai gina, kuma fili mai araha shi ne na gangare. Yawancin 'yan kasuwar da suka zo daga baya a irin waɗannan wurare suka samu matsuguni.

2010 da 2012

A watan Yulin 2010 ruwa da iska mai ƙarfi suka afka wa Pus, gidaje suka zube, aka yi asarar rayuka, dubban mutane suka kwana a fili. A wannan damina ce kuma cutar amai da gudawa ta ɓarke a lardin, ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar kafin shekara ta ƙare, mafi yawansu a Arewa Mai Nisa. Alaƙar abin biyu ba ɓoyayyiya ba ce. Ruwa ya cika masai ya tumbatsa, ya gangara rijiya maras murfi, mutane sun cunkushe a aji ɗaya na makaranta suna sha daga randa ɗaya.

Sai 2012, shekarar da har yau ake auna kowace damina da ita. Ruwan Agusta ya yi yawa a duk yankin. A lardin Arewa aka saki madatsar Lagdo, kogin Binuwai ya shafe gefen Garwa ya wuce ya yi ɓarna a Adamawa da Binuwai da Kogi a Najeriya. A Maga kuwa ruwayen nan uku suka haɗu: sama na zuba, kogunan Mandara na kwararowa, Logon na hawa. Tafkin ya cika ya wuce ma'aunin da ake ɗauka lafiya, igiya na lasar saman ganuwa a wuraren da ta lotsa, ganuwar bakin kogi kuma ta ɓalle a wasu wurare. Hukuma ta umarci mutane su tashi, aka kafa sansanoni a kan tudu.

Wanda bai ga aikin buhu a kan ganuwa da dare ba, da wuya ya gane yadda garin ya tsira. Samari ne a jere, daga inda ake haƙar ƙasa zuwa inda ruwa ke tsattsafowa, buhunan shinkafa da aka zazzage suna wucewa hannu zuwa hannu. Ba a cika buhu taf, ana barin kashi ɗaya cikin uku don ya kwanta ya manne da ɗan'uwansa, a naɗe bakin a ƙarƙashi, a tattake da ƙafa, a jera na sama a kan mahaɗar na ƙasa yadda magini ke jera tubali. Wasu na riƙe da tocila suna bin gindin ganuwar ta waje, suna duba ruwan da ke fitowa. In garai yake, da sauƙi. In ya fito da launin ƙasa, to ganuwar ce ke narkewa daga ciki, sai a yi kururuwa kowa ya rugo. Musgum da Bahaushe da Bafulatani da Bamasa duk layi ɗaya, ba mai tambayar wane ne ya miƙo masa buhu.

A cikin gari kuma wata gardama ce ake yi a kusan kowane gidan ɗan kasuwa. Ɗa ya ce, "Baba, don Allah ku bi su Inna ku hau tudu, mu za mu kwana a nan." Uba ya ce, "Yaro, kayan da ke cikin shagon nan rabinsu ba nawa ba ne. In na tafi aka wayi gari babu su, me zan gaya wa Alhaji?" Masu aikin agaji sukan ɗauki wannan taurin kai ne. Ni ban ɗauke shi haka ba. Mutumin da jarinsa amana ce, barin kaya a gare shi barin suna ne, kuma duk shirin kwashe jama'a da bai tanadi wanda zai tsare kasuwa da wurin da za a ɗaga kaya ba, zai ci gaba da cin karo da wannan amsa.

Babbar ganuwar ba ta fashe ba. A watan Satumba Shugaba Paul Biya ya ziyarci Garwa da Girbidik, ya yi alƙawarin asusun taimakon waɗanda bala'i ya shafa, da kuma ganuwa mai titi a kanta, tsawon kilomita 330, daga Gobo zuwa Kusiri. Shekara ɗaya bayan haka, a Satumban 2013, ganuwar Logon ta sake ɓallewa a yankin Kaikai.

Asarar da ba ta shiga takarda

Rahotannin agaji sukan ƙirga gidajen da suka rushe, hektocin da suka nutse, dabbobin da suka mutu. Lissafi ne mai amfani, amma yana tsallake mutanen da arzikinsu ba a gona yake ba, kuma mafi yawan Hausawan wannan yanki a nan suka faɗa.

Ɗauki mai banda. Tun kafin kaka ya ba masunta kuɗin taru da ƙugiya da gyaran jirgi, a kan za su biya shi da kifi. Ruwa ya tafi da tarun, bashin ya bi ruwa. Bandar da ya riga ya ɗaure a kwali tana jiran mota, ko ruwa bai taɓa ta ba, danshi kaɗai ya isa ya sa ta fumfuna, ƙwari su shiga, ta koma gari. Mota kuma ba za ta zo ba, don hanyar ta yanke. Mai shanshera nasa ya fi sauri: buhun da ya jiƙe, cikin 'yan kwanaki zai yi zafi ya fara tsiro, wanda bai tsira ba in an casa shi sai ya karairaye ya yi wari. Matan da ke tuyar ƙosai da dafa shinkafa a tasha sun rasa itace busasshe, sun rasa masu saye, adashin da suke zubawa ya watse don kowa a lokaci guda abin ya same shi. Ɗan haya kuwa, in aka zo rubuta sunayen waɗanda gidajensu suka faɗi, sunan mai gida ake rubutawa.

Shi kansa ɗakin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Ruwa ya tsaya a jikinsa kwana biyu ko uku, tubalin ƙasa ya jiƙe ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi, sai bango ya zauna gaba ɗaya, sau da yawa cikin dare. Shi ya sa masu hali ke yin layuka na farko da bulon siminti ko jan bulo kafin su ɗora na ƙasa. Wannan ɗan bambanci na kuɗi kaɗan shi ke raba gidan da ya tsaya da wanda ya kwanta a unguwa ɗaya. Bayan ruwa ya janye kuma sai sauro ya karɓi aiki, zazzaɓi ya kwantar da yara, makarantu su makara wajen buɗewa don azuzuwa cike suke da waɗanda suka rasa matsuguni.

Ba ruwa kaɗai ke wahalar da garin ba. Akwai guguwar farkon damina mai yaye kwanon rufi, akwai zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, akwai tsuntsayen jan-baki da ke sauka a kan shinkafa in ta fara nuna, yara su wuni a gona suna kaɗa gwangwani. Amma waɗannan mutum ya san yadda zai yi da su shi da iyalinsa. Ganuwa ce ba ta gyaruwa da ƙarfin gida ɗaya.

Bayan gyara

A 2013 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 108 don wani shirin gaggawa na yaƙi da ambaliya, wanda aka fi sani da PULCI. Da shi aka sake gina ganuwar tafkin mai kilomita 27, aka gyara kimanin kilomita 70 na ganuwar Logon, aka farfaɗo da hekta 7,500 na gonakin shinkafa. Aiki ne na gaske, kuma ya rage fargabar da ta hana mutane barci a 2012. Daga baya wani shirin mai suna VIVA Logone ya biyo, da nufin ci gaba da gyaran magudanai da damƙa wani ɓangare na kula da su a hannun ƙungiyoyin manoma.

Sai dai ruwa bai tsaya jiran kowa ba. A Oktoban 2019 Logon ya malala a yankunan Zina da Maga da Kaikai. A 2022 ambaliya ta shafi fiye da mutum 300,000 a lardin, a tsallaken kogi kuma gwamnatin Chadi ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Oktoba bayan ruwa ya shiga unguwannin Injamena. A 2024 abin ya fi haka: waɗanda ya shafa a Arewa Mai Nisa sun haura 400,000, gadar da ke cikin garin Yagwa ta karye a watan Satumba, a Chadi kuma mutum fiye da 500 suka rasu. A wannan wata ne madatsar Alau ta ɓalle ta shafe wani babban sashe na Maiduguri. Labarin ya iso Maga ta waya cikin sa'o'i, don da wuya ka samu ɗan kasuwa a nan da ba shi da abokin hulɗa ko ɗan'uwa a can, kuma kowa ya fahimci abin da yake nufi ga garin da ke zaune a gindin irin wannan gini. Ganuwa mai titi ta Gobo zuwa Kusiri kuwa, lokacin da ruwan 2024 ya zo, ba a gina ta ba.

A tsakiyar waɗannan shekaru na yawan ruwa ne kuma aka zubar da jini saboda ƙarancinsa. A Agusta da Disamban 2021 rikici ya ɓarke a yankin Logon-Birni, arewa da Maga, tsakanin masunta Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa. Masunta na haƙa ramuka da magudanai don su riƙe ruwa da kifi bayan malala ta janye, shanu na faɗawa ciki. Aka kashe mutane da dama, aka ƙone ƙauyuka, dubun dubata suka tsallaka Chadi. Rikicin yana da tushe da yawa, na siyasa da na fili, amma ba za a raba shi da fadamar da ta tsuke tun 1979 ba. Shekara guda ana iya nutsewa a Oktoba a yi faɗa kan tabki a Disamba.

Abin da ya rage a warware

Kogin na ƙasa biyu ne. Kamaru da Chadi sun rattaba hannu a kan yarjejeniyar Mundu a 1970 game da ɗibar ruwan Logon, dukkansu kuma suna cikin Hukumar Tafkin Chadi tun kafa ta a 1964. Amma tsayin ganuwa wani abu ne daban. Duk taku ɗaya da aka ƙara a gaɓar Pus, ruwan da aka hana shiga nan zai nemi hanya ta Katawa a tsallake, ko ya tafi ya faɗa wa na ƙasa, Zina da Logon-Birni da Kusiri. Shi ya sa nake ganin ko an gina kilomita 330 ɗin nan, in ba a bar ƙofofin da za su riƙa sakin ruwa cikin Yaere da gangan ba, za a sake maimaita kuskuren farko ne a babban sikeli: a kare wasu, a busar da wasu, a nutsar da wasu.

Sannan gyaran da aka yi da bashi ba ya kula da kansa. Igiyar da ta cinye tsohuwar ganuwa tana nan tana cin sabuwa, shanu na nan, gafiya na nan. Lokacin aiki daga Janairu zuwa Mayu ne, kafin laka ta hana mota shiga: a bi ganuwar da ƙafa, a cike tsaga, a toshe ramuka, a yashe Mayo Virik, a gina wa shanu matakala a wuraren da suka saba sha, a tara buhu da ƙasa a ajiye. Kuɗin wannan bai kai ko kusa da na tanti da shinkafar agaji ba, amma ba shi da ranar buki, ba a ɗaukar hotonsa, don haka shi ake fara yankewa a kasafi. Lawanai da bulamai da limamai da shugabannin kasuwa suna da bakin da za su tambaya tun watan Fabrairu, wane ne zai yi, da kuɗin wa, yaushe za a fara. 'Yan kasuwar da ke cin moriyar tafkin, har da namu, ba su da hujjar tsayawa gefe suna jiran gwamnati; in ana iya tara kuɗin gyaran rumfa da na mai gadi, ana iya tara na buhu.

Akwai kuma gargaɗi. Cikar Logon ba ta zuwa kwatsam, ana auna ta a Mundu da Lai da Bongor kwanaki kafin ta iso. Wannan labari yakan tsaya a ofis, cikin Faransanci, alhali masu bukatarsa Musgum da Fulatanci da Larabcin Shuwa da Hausa suke ji. Kasuwar Pus na ci kowace Talata, mutanen gaɓa biyu na haɗuwa a cikinta, kowane mai jirgin fito da mai banda yana da waya a aljihu. Daga Agusta zuwa Nuwamba ya kamata a riƙa sanar da ma'aunin kogi a wannan kasuwa da masallatan Juma'a, a faɗi ko hawa yake ko sauka, a faɗi tudun da kowace unguwa za ta nufa da inda za a ɗaga kayan kasuwa.